Wurin da Ban Tsoma Cikin Ruwa Ba

Karatu: Karin Magana 4:23, Matiyu 5:23-24, Zabura 139:23-24

Barkanku da dawowa daga babban taro. Na ga fuskokinku ranar Lahadi, na kuma ji yadda kuka raira waƙa har dattawa suka miƙe tsaye. Na yi murna ƙwarai. Amma na ɗan daɗe a aikin nan, na san abin da yakan biyo baya. Mako na farko kowa yana zuwa addu'ar asuba. Mako na uku sai a ga benci ya fara yin fili. Kafin wata biyu, wani zai same ni a ofis ya ce, "Fasto, ban san abin da ya same ni ba, duk abin da na samo a taron nan ya tafi."

Saboda wannan ne nake so in ba ku wani labari da ban taɓa bayarwa a bagadi ba, domin ba ya nuna ni da kyau. Abin da ya tuna mini da shi kuwa, ranar Asabar ɗana ya turo kekensa yana ƙunƙuni, wai kullum ya ba tayar baya iska da yamma, da safe sai ya tarar ta sace. Ya ce lalle ƙanwarsa ce take taɓa masa. Da na ji haka sai gabana ya faɗi. Na ce masa, "Kawo keken. Kada ka ƙara ambaton sunan kowa sai mun duba."

Kusan shekara ashirin ke nan, ina aji biyu a makarantar tauhidi, aka tura ni aikin ƙarshen mako a wata ƙaramar ikilisiya a ƙauye. Tafiyar awa ɗaya da rabi ce a keke, hanyar burji, rabinta yashi rabinta tsakuwa. Keken na mahaifina ne, irin baƙin nan mai nauyi da kariya a baya, wanda ya yi shekaru yana yawon bishara a kansa. Nakan tashi ranar Asabar da rana, in kwana a gidan wani dattijon ikilisiya, in yi wa'azi ranar Lahadi, in koma makaranta da la'asar.

A gidan akwai wani yaro maraya, ɗan ƙanen mai gidan, shekarunsa ba su wuce goma sha uku ba. Shi ne yake tarye ni a bakin hanya. Ya karɓi jakata, ya tura keken zuwa zaure, ya share masa ƙura da tsumma, ya kaɗa ƙararrawa sau biyu ko uku don jin daɗi. Shi ne kuma na ɗaya a ajin Lahadi wajen haddace aya.

Da hunturu ya shiga sai tayar baya ta fara ba ni wahala. In ba ta iska ta cika tam, in kwana, da safe in tarar ta yi laushi. Na ce tsidau ne, gama gefen hanyar nan cike yake da shi. Na cire tiyub, na ba shi iska, na tsoma a kwanon ruwa ina juyawa kaɗan kaɗan, sai ga kumfa. Na goge wurin, na shafa sholisho, na jira ya sha iska, na manna faci. Bayan mako ɗaya ta sāke sacewa. Na sāke dubawa, na sami ƙananan huda biyu gefe da gefe, na liƙe. Har sau uku ina wannan aiki. A karo na huɗu na juya tiyub ɗin a ruwa daga farko har ƙarshe, ban ga kumfa ko ɗaya ba. Na mai da shi, na ba shi iska, na kwanta. Da gari ya waye ranar Lahadi, taya a ƙasa.

Nan da nan zuciyata ta yanke hukunci. Tiyub lafiya, faci lafiya, to wa yake taɓa keken nan in ban da yaron? Ban kira shi gefe na tambaye shi ba. A tsakar gida, gaban matan gida da sauran yara, na ce wa dattijon, "Baba, ina ganin yaron nan ne yake sace mini taya da dare." Yaron ya ce, "Malam, ban taɓa ba." Na ce masa ƙarya ba ta dace da ɗan ajin Lahadi ba. Dattijon ya ji kunya, baƙonsa ne kuma malamin ikilisiya ya kawo ƙara. Ya shiga da yaron ɗaki. Ina tsaye a zaure ina ba taya iska, ina jin ƙarar tsumagiya. Bayan awa biyu na hau bagadi na yi wa'azi a kan ƙauna.

Ranar Litinin, a makaranta, inda yaron yake nesa da ni da tafiyar awa ɗaya da rabi, na tashi na tarar tayar ta sace.

Na tura keken zuwa wurin wani tsoho mai faci da yake zama a gindin darbejiya kusa da kasuwa. Musulmi ne, ya san dukan ɗaliban makarantarmu da kekunansu. Na fara zuba masa bayani, faci uku, ƙaya, hanya. Bai ko ɗauko abin cire taya ba. Ya ba ta iska, ya cire murfin bawul, ya lakato yawu da yatsa ya shafa a bakin bawul ɗin, ya ce, "Malam, sunkuyo ka gani." Na sunkuya. Yawun ya kumbura a hankali, ya zama ɗan ƙwai, ya fashe.

Ya ce, "Da kake tsoma tiyub a ruwa, ina kake riƙewa?"

Na ce, "A bawul, Baba."

Ya yi dariya ya ce, "To, ai shi ke nan. Ka tsoma ko'ina, ban da inda hannunka yake."

Bari in bayyana muku yadda abin yake, domin da yawa cikinku kuna hawan keke ba ku taɓa buɗe bawul ba. Taya mai iska ba ta daɗe ƙwarai a duniya ba. A 1888 ne wani likitan dabbobi ɗan Sikotilan da yake zaune a Belfast, John Boyd Dunlop, ya yi rajistar tasa, bayan ya gwada ta a keken ɗansa mai ƙafa uku. Da aka sami taya mai iska, dole a sami ƙofar da za ta bar iska ta shiga, ta kuma hana ta fita. Wannan ƙofa ita ce bawul. Iri uku aka fi sani. Akwai mai kauri irin na mota da babur, wanda ake kira Schrader, yana da ɗan tsinke a tsakiya da sifirin yake tokarewa. Akwai siriri na kekunan tsere, Presta. Akwai kuma na kekunan iyayenmu, wanda ake kira Dunlop ko Woods, shi ne nawa.

A cikin wannan na ukun akwai ɗan ƙarfe mai rami, toshe a ƙarshensa, da 'yar huda a gefe. An sa masa 'yar roba siririya kamar riga, ta rufe hudar. In ka danna famfo, ƙarfin iska yakan ɗaga robar ya wuce ciki. Da ka tsaya, iskar da take ciki ita ce take danne robar a kan hudar, ta rufe wa kanta hanya. Dukan nauyin mutum da buhun masara a kariya, a kan wannan 'yar roba ya dogara, ita kuwa tsawonta bai wuce gaɓar yatsa ba. Zafi da daɗewa sukan busar da ita, mai ko kananzir yakan lalata ta, sai ta tsage.

Tsohon ya kwance zoben da yake riƙe ɗan ƙarfen, sauran iskar ta fita fuu. Ya zaro shi ya nuna mini. Robar ta bushe, ta tsage daidai kan hudar, tsagar da sai ka matso da ita kusa da ido za ka gani. Ya kankare ta da farce, ya yanko sabuwa daga wata doguwar roba da take rataye a akwatinsa, ya jiƙa ƙarfen, ya zura ta a hankali har ta rufe hudar ta hau kafaɗar ƙarfen. Ya mai da shi mazauninsa, ya ɗaure zoben da hannu, ya ba taya iska, ya sāke shafa yawu. Shiru. Aikin bai kai minti biyar ba, kuɗin kuma bai kai na ƙosan karin kumallo ba.

Na tambaye shi, "To Baba, hudar da na yi ta liƙewa fa? Ai na gan su da idona."

Ya ce, "Gaskiya ne, huda ce. Amma 'ya'ya ne, ga uwarsu nan. Kana hawa taya ba iska sosai, in ka daki dutse sai rim ya cije tiyub, ya yi huda biyu kamar saran maciji. Da ka ƙara wata guda a haka, tiyub zai ja gefe, bawul ya karkace, ya yage daga gindi. A nan sai dai sabon tiyub."

Ana zaton wuta a maƙera, sai ga ta a masaƙa. Na tura kekena na koma makaranta, taya a cike, ni kuwa jikina a sanyaye.

Kuna tsammani ranar Asabar na tafi na roƙi gafara? Ban yi ba. Wannan shi ne sashen labarin da ya fi yi mini nauyi. Na isa ƙauyen, ba wanda ya tarye ni a bakin hanya. Dattijon ya tambaye ni, "Malam, yaya tayar, ta daina?" Na ce, "Ta daina, Baba." Ya ce, "Ka gani, ya ji horo." Na yi shiru. Ban yi ƙarya da baki ba, na bar ƙarya ta zauna a wurin gaskiya. Na ce a raina, in na faɗa mutuncin aikin Ubangiji zai zube. Na ce yaro ne, zai manta. Na ce ai ko bai yi wannan ba, ya taɓa yin wani laifin da ba a hore shi ba. Mako uku ina liƙe wa kaina irin waɗannan faci.

A cikin makonnin nan uku ban fasa komai na ibada ba. Ina zuwa sujadar safe a makaranta, ina karatu, ina shirya wa'azi, har azumin Laraba ina yi. Amma in na durƙusa, addu'ata ba ta wuce rufin ɗaki. In ji saƙo mai daɗi da safe, kafin azahar ya tsiyaye. Na fara fushi da abokin ɗakina a kan abin da bai kai ya kawo ba. Na yi gardama da malami a aji. Kowanne na roƙi gafara a kansa, na liƙe, washegari wani ya ɓullo. 'Ya'ya ne, uwarsu tana nan inda na riƙe da hannu, na ƙi tsomawa cikin ruwa.

A mako na uku na lura yaron ya daina zuwa ajin Lahadi. Malamar ajin ta ce in an kaɗa ƙararrawa sai ya kori awaki ya nufi daji. A daren nan na buɗe Littafi Mai Tsarki don shirin wa'azi, na faɗa kan Matiyu 5:23-24, inda Ubangiji ya koyar cewa wanda ya kawo baiko ya tuna ɗan'uwansa yana da magana a kansa, ya ajiye baikon tukuna, ya je su shirya. Na sha karanta wurin, na ma rubuta jarrabawa a kansa. Amma kullum ina karanta shi kamar mai riƙe da tiyub yana neman hudar wasu. Laifi tudu ne, ka taka naka ka hango na wani. A daren nan ne Maganar ta shafa yawu a bakin bawul ɗina, na ga kumfa.

A nan ina so in yi hankali, kada misalin ya kai mu inda Littafi bai kai ba. A makaranta mun koyi cewa kalmar Helenanci pneuma tana nufin iska, da numfashi, da ruhu, daga gare ta ne ma Turawa suka samo sunan da suke kiran taya mai iska. Amma Ruhu Mai Tsarki ba iskar famfo ba ne da zai tsiyaye ta 'yar huda. Shi Allah ne. Yahaya 14:16 ya nuna zamansa tare da masu bi na har abada ne, Afisawa 1:13 kuma ya kira shi hatimin da aka buga mana. Abin da yake tsiyayewa shi ne farin cikinmu, da ƙwazonmu, da ƙarfin yin biyayya, sa'ad da muka ɓata masa rai kamar yadda Afisawa 4:30 ya gargaɗe mu. Dawuda ya san wannan. Bayan zunubinsa, farin cikin ceto ne ya roƙa a mayar masa a Zabura 51.

Kada kuma wani ya ce tun da yana bukatar a ƙara masa ƙarfi, lalle akwai abin da ya lalace. Ko sabon tiyub yakan rage iska a hankali ta jikin robar, shi ya sa mai keke yake ajiye famfo. Umarnin Afisawa 5:18 game da cika da Ruhu, a Helenanci yana da siffar abin da ake ci gaba da yi kullum. Zuwa sujada kowane mako da karatu kowace safiya, wannan famfo ne na yau da kullum, ba abin kunya ba ne. Abin da ya kamata ya dame ka shi ne in an cika ka da yamma, gari ya waye ka sace. Irin wannan ƙarin taro ba ya maganinsa. Annabi Haggai ya kwatanta mutanen zamaninsa da mai zuba ladan aikinsa a jaka mai huda, Irmiya 2:13 kuma ya yi maganar tafkunan da aka haƙa suka tsattsage, ba sa riƙe ruwa. Ko wane mai wa'azi aka gayyato, in bawul ya tsage, zuwa Talata ka koma inda kake.

Ranar Asabar ta huɗu na isa da wuri. Na roƙi dattijon ya tara mutanen gida a tsakar gida, gama a nan na yi zargin, a nan ya kamata in janye shi. Na zaro tsohuwar robar, wadda na karɓa daga hannun mai faci na ajiye a aljihu, na nuna musu. Na ce, "Baba, ga ɓarawon iskar. Yaron nan bai taɓa kome ba. Na yi masa ƙazafi, na sa aka duke shi, na kuma san gaskiya tun mako uku na yi shiru." Na juya wurin yaron na durƙusa, na ce ya gafarta mini. Matan gida suka ce, "Haba Malam, tashi, ai yaro ne." Dattijon ya sunkuyar da kai, ya daɗe bai ce kome ba.

Yaron ya dube ni ya ce, "Malam, ai na gaya maka." Sai can ya ce, "Na yafe."

Ya dawo ajin Lahadi bayan 'yan makonni. Mutuncin aikin Ubangiji da nake tsoro bai zube ba, dattijon ma ya riƙe ni kamar ɗansa har ya rasu. Amma zan faɗa muku gaskiya duka. Har na gama aikina a ƙauyen nan, yaron bai ƙara taɓa keken ba. Yakan gaishe ni da ladabi, ya karɓi jaka, ya bar keken inda yake. Ban ƙara jin ƙararrawar nan sau biyu ko uku a zaure ba. Allah ya gafarta mini, yaron ma ya gafarta, amma magana zarar bunu ce. Da na je a makon farko, wataƙila da ban rasa wannan ba.

To, ɗan'uwana, 'yar'uwata, kafin zafin taron nan ya huce, ga abin da nake roƙonku.

Ka tambayi kanka wane wuri ne kake riƙewa a saman ruwa. Yawanci ka san shi. Shi ne abin da in wa'azi ya doshe shi sai ka fara tunanin wanda ya kamata ya ji. Wataƙila wata ce a ƙungiyar mawaƙa da kika yi wata shida ba ki gaishe ta ba. Wataƙila kuɗin zumunta ne da ka ara ba da sanin kowa ba, kana cewa za ka mayar. Wataƙila abin da kake kallo ne a waya bayan kowa ya yi barci, ko wata magana da ka yaɗa a kan wani, daga baya ka gane ba haka ba ne, ka yi shiru irin nawa. Karin Magana 4:23 ya sa tsaron zuciya gaba da kowane tsaro, domin daga can rai yake ɓuɓɓugowa. Ƙofar da Maganar Allah take shiga, ta nan ne take fita in ba a kula ba.

Ka bar wani ya duba maka. Na yi makonni ina juya tiyub ni kaɗai, tsohon nan ya gano abin cikin minti ɗaya, don shi ba ya kāre kowa. Yakubu 5:16 ya umarce mu mu riƙa faɗa wa juna laifofinmu, muna yi wa juna addu'a. Nemi mai bi wanda ya girme ka cikin bangaskiya, mai riƙe asiri, 'yan mata wurin uwa cikin zumuntar mata, samari wurin dattijo ko fasto. Ka kuma sani, ba a canja robar bawul sai an kwance zobe, sauran iskar da kake taƙama da ita ta fita duka. Ranar da na durƙusa a tsakar gidan nan, ba abin da ya rage mini na girma. Daga nan ne Ubangiji ya sāke cika ni.

Kada ka yi ta tafiya a kan taya mai laushi. Gyaran da za a yi yau da 'yar roba, in aka bar shi sai ya yage daga gindi. Kuma in wani abu naka ya lalace, kada ka yi saurin neman wanda za ka ɗora wa. Maimaitawar Shari'a 19:15 ba ta yarda a kama mutum da laifi a bakin shaida ɗaya ba, ni kuwa ko ɗayan ba ni da shi, zato kawai.

Ranar Asabar ɗin nan, na sa ɗana ya shafa yawu a bakin bawul da kansa. Ya ga kumfa ta taso. Muka je bakin kasuwa muka sayo roba, na nuna masa yadda ake zurawa, ya ba taya iska. Da muka gama ya ɗaga ƙafa zai hau, na riƙe sirdin na ce, "Saura abu ɗaya." Ya dube ni, ya dubi ƙofar ɗaki inda ƙanwarsa take zaune tana kumbure-kumbure. Ya jingine keken, ya shiga.

Mu yi addu'a.

Ya Uba na sama, kai ne ka san mu ciki da waje. Ga wurin da muka daɗe muna rufewa da hannu, yau mun sake shi a gabanka. Nuna mana inda alherin da kake zuba mana yake tsiyayewa. Ba mu ƙarfin hali mu je wurin wanda muka yi wa laifi tun rana ba ta faɗi ba. Ka ta'azantar da duk wanda aka yi wa ƙazafi a cikin gidanka, ka komo da shi. Ka riƙe matasanmu, domin abin da suka karɓa a taron nan ya zauna, ya ba da amfani. Cikin sunan Yesu Almasihu Ubangijinmu muka roƙa. Amin.